Injin CNC mai aks biyar da manhajar CAM: tambayoyin masu aikin ƙarfe a Yamai

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu tur (injin da ke juya ƙarfe wuƙa na fere shi), da matasan injiniyoyi, da ƴan kasuwar da ke tunanin zuba kuɗi a aikin ƙarfe suka fi yi a nan Yamai. Wasu amsoshin za su yi wa mai son saye daɗi, wasu kuwa za su sanyaya masa gwiwa.

Mene ne ya raba inji mai aks biyar da sauran injinan CNC?

Aks shi ne layin da inji ke tafiya a kansa, ko yake juyawa a kewayensa. Injin fireza na CNC da aka saba, wato injin da kwamfuta ke tuƙawa yana yanka ƙarfe da wuƙa mai juyawa, yana da uku: hagu da dama shi ne X, gaba da baya Y, sama da ƙasa Z. Wuƙarsa kullum ƙasa take kallo. Duk inda ba ta hango daga sama ba, ba za ta taɓa shi ba, sai an tsai da inji, an kwance ƙarfen, an juya shi, an sake ɗaurewa.

Mai aks biyar yana da waɗannan ukun, sannan an ƙara masa juyi biyu. Juyin da ke kewaye X ana kiransa A, na Y shi ne B, na Z kuma C, kowane inji yana ɗaukar biyu daga ciki. Ka dubi wanzami: yana karkata kanka da hannu ɗaya, yana karkata askar da ɗayan, har ya isa bayan kunne ba tare da ka tashi daga tabarma ba. A wasu injinan tebur ne ke karkata yana kuma juyawa, su ne suka fi yawa a ƙanana da matsakaita. A wasu kan injin ne ke yin juyin duka biyu, waɗannan na manyan kaya ne masu nauyin da tebur ba zai iya wujijjiga su ba. Akwai kuma masu raba aikin, juyi ɗaya a kai, ɗaya a tebur.

To me ake samu da shi wanda mai aks uku ba zai bayar ba?

Babbar riba ita ce ɗauri ɗaya. Duk lokacin da aka kwance ƙarfe aka sake ɗaure shi, sai an sake neman tsakiyarsa, kuma kuskure na shiga, ko da kaɗan ne. Ɗan ɓarɓashin ƙarfe guda da ya maƙale a ƙarƙashin maɗauri ya isa ya sa ramin da aka huda ta gefen dama ya ƙi haɗuwa da na hagu. Kayan da ke da fuska biyar, a ɗaure shi sau biyar, kuskuren taruwa yake. Mai aks biyar yana gama fuskoki biyar ɗin a zama guda, saura gindin da aka riƙe.

Na biyu, gajeriyar wuƙa. In rami na da zurfi, mai aks uku dole ya sa doguwar wuƙa, ita kuwa lanƙwasarta ba daidai da tsawonta take ƙaruwa ba. Ka ninka tsawon sau biyu, lanƙwasa ta ninka sau takwas. Daga nan sai karkarwa, da wannan ƙara mai kashe kunne da duk mai aikin fireza ya sani, da fuska mai zane-zane. In an karkata kayan, gajeriyar wuƙa ta isa wurin.

Na uku ba kowa ke lura da shi ba. Wuƙa mai zagayayyen baki, wadda ake gyara lanƙwasasshiyar fuska da ita, tsakiyar bakinta ba ta yanka komi, don gudun yanka a daidai wurin sifili ne, murza ƙarfen kawai take. In aka karkata ta kamar digiri 10 zuwa 15, gefen bakin ne ke cin ƙarfe, fuska ta fito sumul, wuƙa ta daɗe.

Ana cewa akwai "3+2", akwai kuma aks biyar na lokaci guda. Ba abu ɗaya ba ne?

A'a. A 3+2, inji na karkata kayan zuwa kusurwar da ake so, ya kulle juyin nan biyu, sannan ya yi yanka da X, Y da Z kamar kowane inji. Ya gama, ya sake karkatawa. A na lokaci guda, duka biyar ɗin suna motsi tare yayin da wuƙa ke cikin ƙarfe.

Yawancin aikin da ake yi a kan waɗannan injina 3+2 ne: ramuka a karkace, fuskoki da yawa, gidan bawul, gidan rulma. Ya fi sauƙin tsarawa, ya fi ƙarfi tunda juyin a kulle yake, haɗarinsa kuma kaɗan ne. Na lokaci guda sai ga abu irin fiffiken farfela, wanda ke murɗewa tun daga gindi har baki.

Wane irin kaya ne a Nijar zai buƙaci wannan inji?

A waje, jiragen sama ne manyan masu ciniki, sai masu injinan wutar lantarki, da masu ƙera gwiwa da ƙugun ƙarfe da likitoci ke dasa wa mutane, da masu yin mazubin roba. Mu a nan, inda ake cin fiyes, wato kayan gyaran inji, shi ne matatar SORAZ ta Damagaram da ta fara aiki a 2011, da rijiyoyin man Agadem, da ma'adinan Arlit, da tashar kwal ta SONICHAR a Anu Araren, da simintin Malbaza a jihar Tawa, sai famfunan ban-ruwa na bakin kogi da na Ƙonni.

Sai dai a faɗi gaskiya: in ka zube fiyes ɗin da ke lalacewa a waɗannan wurare a ƙasa, mafi yawansu sanduna ne, da zobba, da faifan haɗa bututu, da haƙoran giya. Aikin tur ne da fireza mai aks uku ko huɗu. Ko farfelar famfo, wadda ake yawan kawowa misali, rufaffiyarta galibi zubi ake yi, sannan a gyara a tur. Buɗaɗɗiya mai murɗaɗɗen fiffike ita ce ta mai aks biyar. Kuma manyan kamfanoni ba sa ɗora fiyes a injin da ke ɗauke da matsi ko wuta sai da takardar shaidar irin ƙarfen da takardar awo. Wanda ba zai iya ba da waɗannan ba, ko injinsa na zinariya ne, ba zai ga odar ba.

Da gaske ne ba kowa ake sayar wa irin wannan inji ba?

Da gaske ne, kuma tun asali sojoji na cikin lamarin. A ƙarshen shekarun 1940 John Parsons, a jihar Michigan ta Amurka, ya fara amfani da lissafin katin huji wajen fitar da siffar fiffiken jirgi mai saukar ungulu. Rundunar sojan sama ta Amurka ta ba shi kwangila a 1949, jami'ar MIT kuma ta nuna injin fireza mai bin lambobi a 1952. A 1987 aka bankaɗo cewa kamfanin Toshiba Machine na Japan da Kongsberg na Norway sun sayar wa Tarayyar Sobiyet injina masu aks da yawa, waɗanda ke iya gyara farfelar jirgin yaƙi na ƙarƙashin ruwa har ƙararta ta ragu. Rigimar ta yi zafi ƙwarai.

Yau ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Wassenaar ta 1996 suna sa ido a kan fitar da injinan aks biyar masu tsananin daidaito. Za a nemi ka cika takardar da ke nuna wane ne zai yi aiki da injin, a ina, kuma me zai ƙera. Wasu masu ƙerawa suna sa na'urar da ke kulle injin in an gusar da shi daga inda aka kafa shi, sai su suka buɗe. Mai sayen na hannu ya tambayi wannan tun kafin ya biya.

Mene ne aikin manhajar CAM?

Ita ke mai da zane ya zama hanyar wuƙa. Ana fara da siffar kayan mai jiki uku da aka zana a manhajar CAD, galibi a fayil ɗin STEP. Mai tsarawa ya shigar da ita, ya nuna girman ɗanyen ƙarfen da za a yanka, ya zana maɗaurin da zai riƙe shi. Sannan ya gaya wa manhaja kowace wuƙa: kaurinta, tsawonta, yawan haƙoranta, da siffar marikinta. Daga nan ya zaɓi yadda za a ci ƙarfen, a fara da kwasar tuli, a bi da gyaran tsakani, a ƙare da shafa ta ƙarshe.

A aks biyar akwai ƙarin tambaya a kowane taku: ina wuƙa za ta kalla? Za ta jingina gaba, ko gefe, ko ta bi bangon da gefen jikinta? Manhaja na lissafi, amma shawarar ta mutum ce. Ba ta san cewa maɗaurinka ya ɗan saki ba, ba ta san ƙarfen da aka sayar maka ya fi wanda aka rubuta tauri ba. Wanda bai taɓa jin kukan wuƙa a cikin ƙarfe ba, zai tsara hanya mai kyau a allo wadda za ta karya wuƙa a minti na farko.

Ba za a iya rubuta lambobin G da hannu ba, a huta da kuɗin manhaja?

Lambobin G su ne umarnin da inji ke karantawa layi-layi. A 3+2 mai sauƙi, ƙwararre zai iya. A na lokaci guda, manta kawai. Layi ɗaya yana kama da haka: G01 X25.4 Y10. Z-3. A20. C135. Fiffike guda yana iya cin dubban irinsa.

Me ya sa ake ta maganar "fos"? Ba manhajar ce ke fitar da lambobin ba?

Hanyar da CAM ta lissafa ba ta san injinka ba. Fos shi ne ɗan tafintan da ke mai da ita yaren injin da ke gabanka, kuma a aks biyar nan ne ake yawan kwana. Kwamfutocin da ke tuƙa injina ba bakinsu ɗaya ba. Umarnin da ke sa inji ya riƙa bin bakin wuƙa duk yadda tebur ya juya, a Fanuc G43.4 ne, a Siemens TRAORI, a Heidenhain M128, a Haas G234. Na karkata fuskar aiki a 3+2 kuwa, Fanuc na da G68.2, Siemens CYCLE800, Heidenhain PLANE. Ko injina biyu masu kwamfuta iri ɗaya, in ɗaya teburinsa A da C ne, ɗayan B da C, fos ɗinsu daban.

Ga abin da kan faru. Kusurwa ɗaya, tebur na iya isa gare ta ta hanya biyu: ya karkata gaba, ko ya karkata baya ya juya rabin zagaye. A allon CAM duka biyun daidai suke. A kan inji, in fos ya zaɓi ta biyun alhali wuƙa tana kusa da kayan, tebur zai wulwula digiri 180 cikin ƙiftawar ido, maɗauri ya daki kan injin. Gyaran kai ɗaya na iya cinye ribar shekara, ga jiran fiyes daga Turai. Shi ya sa ake gwada lambobin da suka fito daga fos, ba hanyar CAM kaɗai ba, a manhajar kwaikwayo irin Vericut ko wadda ke cikin CAM ɗin mai ɗauke da siffar injin gaba ɗaya. Ranar farko kuma a tafi a hankali, layi-layi, hannu na kan maɓallin rage gudu.

In za ka sayi inji, ka sa a rubuta cikin yarjejeniya cewa za a ba ka fos da aka gwada a kan wannan injin da wannan manhajar.

Wace manhaja ta fi?

Wadda za ka samu mai amsa maka waya in ta rikice. Mastercam ta Amurka tana da masu amfani da yawa da darussa birjik. hyperMILL ta Jamus ta yi suna a aks biyar, haka PowerMill da aka fara a Ingila kafin Autodesk ya saye ta a 2014. Siemens NX da CATIA na manyan masana'antu ne, tsadarsu ma haka. TopSolid ta Faransa ce, wanda ya yi karatu da Faransanci zai ji daɗin takardunta. Fusion ta fi araha, ana biya wata-wata ko shekara-shekara, amma aks biyar na lokaci guda sai an ƙara kuɗi, kuma tana son intanet.

Na san ana raba manhajojin sata a kebul. Ban da haƙƙin masu ita, ba ka da wanda zai gyara maka fos, ga ƙwayar cutar kwamfuta da kan biyo su. Haɗa irin wannan da injin miliyoyi ganganci ne.

Zafin Yamai yana da wani tasiri, ko dai tsoratarwa ce?

Lissafi ne. A duniya duka, awon da ke kan zane awo ne a digiri 20. Alminiyam na miƙewa kusan mikron 23 a kowace mita in zafi ya hau digiri ɗaya, baƙin ƙarfe kusan 12. Mikron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. A ce watan Afrilu ne, cikin atiliye mai rufin kwano zafi ya kai 42. Sandar alminiyam mai tsawon milimita 400 ta ƙaru da kusan 0.2, ta baƙin ƙarfe da kusan 0.1. Ramin milimita 50 da aka rubuta masa H7, alamar da ke nuna iyakar kuskuren da aka yarda da shi, duk sararin da aka yarda da shi 0.025 ne, kuma a alminiyam wannan zafin kaɗai ya kai haka. Ma'aunin ƙarfe shi ma yana miƙewa, don haka ƙarfe a kan ƙarfe abin na ragewa, amma a alminiyam rabin kuskuren na nan.

Jikin injin ma yana motsi, kuma a aks biyar wannan ya fi ciwo. Kwamfutar injin ta dogara ne da sanin daidai inda tsakiyar juyin tebur take. In zafi ya gusar da ita kaɗan, fuskar da aka yanka da safe da wadda aka yanka bayan azahar za su haɗu da ɗan tudu wanda farce ke ji. Maganinsa ɗaki rufaffe mai kilim dare da rana, a bar inji ya yi ɗumi kafin aiki, a kuma riƙa sake awon juyin da ƙwallon awo da tsinken taɓawa. Heidenhain da Siemens duk suna da tsarin yin wannan da kansa.

Wuta fa? Da ƙura?

Yana son wuta mai layi uku wadda ba ta hawa da sauka. In ta ɗauke wuƙa na cikin ƙarfe, ana iya asarar wuƙar da kayan da aka kwana biyu ana yi, hawa da saukarta kuma katunan lantarki take ƙonawa. Sai da regilater, da gurup mai ƙarfin da ya wuce na injin, da waya ta ƙasa da aka binne da kyau. Injin da aka yi wa kasuwar Amurka ko Japan yana iya neman taransifoma. Yana kuma son iskar kwamfuresa busasshiya, wajen bar 6.

Ƙurar hunturu in ta haɗu da mai sai ta zama abin goge ƙarfe, ta ci hanyoyin da inji ke zamewa a kai, ta toshe matatar akwatin lantarki. Ruwan sanyaya wuƙa shi ma yana ruɓewa da wuri a zafi. In ka buɗe ƙofar inji ranar Litinin ka ji wari, ya lalace.

Nawa zai ci? Na hannu fa?

Sabo daga DMG Mori, Hermle, Mazak, Okuma ko Haas, maganar ɗaruruwan dubban Yuro ake ga yawancinsu. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, wato in an ce maka 200,000, miliyan 131 ke nan tun kafin ya bar masana'anta. Sai jirgin ruwa, sai mota daga tashar ruwa, wadda tun 2023 kaya da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina, sai duwan, sai kuren ɗin saukewa, sai daɓen siminti mai kauri, sai kuɗin jirgi da masaukin wanda zai zo ya kafa shi. Ba a zo kan wuƙaƙe, marikai, maɗaurai, manhaja da kayan awo ba.

Na hannu yana da sauƙi, amma araha ba ta ado. A nemi awannin da kan injin ya yi yana juyawa, a ga takardar gwajin daidaito ta kwanan nan, a tabbatar har yanzu ana samun katunan kwamfutarsa. Akwai hanya ta tsakiya da nake ganin ta fi dacewa da yawancin masu atiliye: inji mai aks uku mai kyau, wanda aka shirya shi don karɓar ƙarin tebur mai juyi biyu daga baya. Kafin nan, aikin aks biyar da ya shigo jefi-jefi a tura shi waje da zane, a ci ribar tsarawa da awo.

Maigida ya kawo fiyes da ta karye, babu zane. Za a iya kwafa?

Za a iya, amma inji ba ya kallon fiyes ya kwaikwaya. Sai an auna ta, ko da na'urar ɗaukar siffa ta haske, a sake zana ta a CAD. Matsalar ita ce abin da aka kawo ya riga ya cinye, in ka kwafe shi yadda yake, ka kwafi lalacewarsa. Dole mai zane ya gano yadda take tun tana sabuwa, daga rulmar da ke zama a kanta da gidan da take shiga. Sannan wane ƙarfe ne, an gasa shi ko ba a gasa ba? Ido ba ya raba 304 da 316, iri biyu na ƙarfen da ba ya tsatsa.

Ƙarafa duka ɗaya ne a wurinsa?

Ina! Da wuƙar kabaid mai kaurin milimita 10, alminiyam a gudun yanka mita 300 a minti yana son juyi kusan 9,500. Titaniyam a mita 50, kusan 1,600 ke nan, don ba ya kwashe zafi, a bakin wuƙa yake tara shi. Inconel, wani haɗin ƙarfe mai jure zafi, ya fi shi taurin kai. Alminiyam ɗin da ake narkawa a Katako ya yi wa tukunya daidai, kuma masu yinta gwanaye ne, amma yana da ramukan iska da yashi, ba a san haɗinsa ba. Fiyes mai ɗaukar nauyi sai da sanda mai lamba, irin 6061 ko 7075, da takardarta.

Ni ɗalibi ne. Daga ina zan fara?

Daga tur da fireza na hannu, ko da wata shida ne a wurin wani maigida, ka iya karanta zane, ka iya riƙe ma'auni da agogon awo. Sai lissafin kusurwa, shi ne gishirin aikin. Masu karatun injiniya a EMIG, makarantar ma'adinai da masana'antu da ke Harobanda, da ƴan makarantun fasaha sun riga sun samu wannan tushen. Daga nan CAD, sai lambobin G a aks uku har ka iya karanta su ba tare da allo ya nuna maka hoto ba, sai 3+2.

Ba sai kana da inji za ka fara ba. FreeCAD kyauta ce, ta isa koyon zane da hanyar wuƙa a aks uku. Mastercam na da bugun koyo na kyauta wanda ba ya fitar da lambobin inji, Autodesk na ba ɗaliban makarantun da ya amince da su Fusion, Heidenhain kuma na da manhajar gwaji da ke sa allon injinsa a kwamfutarka. Ka ɗauki fiyes ta gaske daga kasuwar Feray, ka auna ta, ka zana ta, ka tsara yadda za a riƙe ta da yadda za a yanka ta, sannan ka kai wa tsohon mai tur ya nuna maka inda maɗaurinka zai saki.